Kwanon ƙasa ginin hannu: na ajiya ne ko na cin tuwo?

Wata baiwar Allah daga Unguwar Rimi ta aiko da tambaya. Ta ce ta je wani baje koli a nan Kaduna, ta ga wani faffaɗan kwano na ƙasa, ginin hannu, mai ruwan toka da sheƙi. Ranta ya biya, amma da ta ji kuɗinsa sai ta ja da baya, don ya kusa sayen saitin samira. Mai sayarwar ya ce mata ai aikin fasaha ne. Shi ne take tambaya: me ya mayar da ƙasa fasaha, alhali kakarta da tukunyar ƙasa ta yi girki har ta koma ga Allah, ba wanda ya taɓa kiran abin haka? In ta saya, a ci abinci a ciki ko a sa a kabet? Kuma ba shi da illa ga lafiya? Ta ce abin da ya kai idonta kan kwanon shi ne 'ya'yanta biyar, kowa da farantinsa da wayarsa a ɗakinsa, tana so ta dawo da su kwano ɗaya.

Hajiya, sannu da ƙoƙari, Allah ya shirya mana zuri'a. Shekara ashirin da 'yan kai ke nan hannuna yana cikin yumɓu, kuma a gaban kakata na fara kafin in je makaranta in koyi aikin keken gini da tanderu. Bari in fara da maganar taki kakar, don ita ta fi taɓa ni.

Abin da ta yi girki da shi fasaha ne, an faɗa ko ba a faɗa ba. Ido ne in ya saba da abu a tsakar gida yake daina ganin kyansa. Ina tuna ranar gashi a ƙauyenmu. Kakata takan jera tukwanen a bayan gari, manya a ƙasa a kife, ƙanana a kansu, a lulluɓe da karan dawa da ciyawa da busasshen kashin shanu. Sai la'asar sakaliya, iska ta kwanta, sannan a kunna. Wutar ba ta daɗewa. Tun tukwanen suna da zafi take zaro su da doguwar sanda, ta tsoma reshe mai ganye cikin ruwan makuba, wato jiƙon ɓawon ɗorawa, ta yayyafa musu. Sai ki ji cuuu, tururi ya tashi da wani ƙamshi mai ɗaci-ɗaci, jar tukunya ta koma baƙi-baƙi da ɗigo-ɗigo kamar jikin zabuwa. In sun huce ta bi su ɗaya bayan ɗaya tana ƙwanƙwasawa, kunnenta dab da bakin. Wadda ta yi ƙara garau ta tafi kasuwa. Wadda muryarta ta dushe, ta san akwai tsaga a ɓoye, sai a bar ta a gida a riƙa zuba wa kaji ruwa. Akwai zanen da take yi a kafaɗar tulu da guntun igiya murɗaɗɗiya, tana mirgina ta a kan ɗanyen yumɓu. Na taɓa tambayarta ko zanen yana ƙara wa tulun kuɗi. Ta ce ko kwabo, amma abin da mutum zai sha ruwa a ciki ba a barinsa tsirara. Duk karatun da na yi daga baya bai ba ni bayanin fasaha da ya fi wannan ba.

Mu kuma mutanen jihar Kaduna, bai kamata a ce baƙo ne zai koya mana darajar gasasshiyar ƙasa ba. A 1928 masu haƙar kuza suka tono wani ɗan mutum-mutumi na ƙasa kusa da ƙauyen Nok, a ƙaramar hukumar Jaba ta yanzu. A 1943 aka kai wa Bernard Fagg, wani Bature masanin kayan tarihi, wani kan mutum-mutumi da aka samu a wajen Jama'a, ya ga kamanninsu ɗaya, daga nan sunan Nok ya zaga duniya. Kowa kawunan yake kallo, da idanun nan masu kusurwa uku. Ni kuwa tsingaron tukwanen girkinsu ya fi burge ni. A 2021 masu bincike na jami'o'in Frankfurt a Jamus da Bristol a Ingila suka bayyana cewa sun samu sauran kakin zuma a jikin waɗannan tsingaro, wasunsu sun kai shekara 3,500. An kuma samu ƙwayoyin gero a wuraren zamansu. Gero da zuma a tukunyar ƙasa, Hajiya, a nan kudancin jiharmu. Mutanen da suka gina kawunan da ake ajiyewa cikin gilashi a gidajen tarihi, su ne dai suka gina abin da suka ci abinci a ciki.

Ki ɗauko naira 20 ki juya bayanta. Matar da ke sunkuye kan tukunya Ladi Kwali ce, Bagwariya daga ƙauyen Kwali, wadda ta koyi gini wajen gwaggonta, irin ginin matan Gbagyi da ake ɗora yumɓu ana zagaya tukunyar da ƙafa. Sarkin Abuja Sulaimanu Barau yana tara tukwanenta a fada, a can wani Bature magini, Michael Cardew, ya gan su. Shi ne ya buɗe cibiyar koyar da ginin tukwane a Abuja ta da, wato Suleja, a farkon shekarun 1950, ita kuma ta shiga a 1954, mace ta farko a wurin. An baje kolin aikinta a Landan, Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya ta ba ta digirin girmamawa a 1977, ta rasu a Minna a 1984. Akwai wani abu a tarihinta da ya shafi tambayarki kai tsaye. Da aka fara shafa wa randunanta rufin gilashi, wato shafin da ke narkewa a wuta ya ba da sheƙi, ana gasa su da wuta mai tsanani, zanen kunama da ƙadangare da kifin da take yi ya fito da kyan da ba a taɓa gani ba, amma randar ta yi nauyi, ta kuma daina sanyaya ruwa. Ta tashi daga gindin bishiya ta koma ɗakin kallo. Ina girmama waɗannan randuna matuƙa, kuma duk lokacin da na tsaya gaban ɗaya sai na ji wani ɗan tausayi, don ba wanda zai ƙara tsoma moɗa a cikinta.

Dalilin daina sanyayawar shi zai raba miki kayan ƙasa gida biyu, kuma dole ki san wanne ke hannunki. Ginin gargajiya, irin na Hunkuyi da na matan Gbagyi da ke kewaye da mu, ana gasa shi a fili, zafin bai cika wuce digiri 600 zuwa 900 ba. Jikinsa yana da ƙananan ƙofofi da ido ba ya gani. Ta nan randa take yin gumi, iska ta ɗauke gumin ta tafi da zafin, ruwan ciki ya yi sanyi, shi ya sa ruwan randa ya fi daɗi da hunturu da bazara fiye da tsakiyar damina. Da wannan hikimar Mohammed Bah Abba na Jigawa ya sa tukunya cikin tukunya da jiƙaƙƙen yashi a tsakani don adana kayan miya, har ya ci kyautar Rolex a 2000. Waɗannan ƙofofin ne kuma suke sa tukunya da tanda da madambaci su jure harshen wuta ba su fashe ba. Kwanon da kika gani, yadda kika kwatanta shi, na gida na biyu ne. An gasa shi sau biyu, na biyun a wajen digiri 1,250, har yumɓun ya haɗe ya zama kamar dutse, ba ya shan ruwa, ba ya riƙe wari. Shi na zuba abinci ne. In kika ɗora shi a murhu ko kan gas zai tsage.

Wata gaskiyar kuma, iyayenmu ba a kwanon ƙasa mai sheƙi suka ci tuwo ba. Tuwo a akushi ne ko ƙwarya, miya a kasko, ƙasa kuwa ta girki ce da ruwa. Daga baya langa da tasa suka zo, sannan samira, sannan kula da roba. Kwanon cin abinci mai rufin gilashi, ginin hannunmu, a cibiyar Abuja ya kankama, ya biyo ta hannun almajiranta ya iso wurare irin su maginar Maraba da ke Maraban Jos, ga kuma maginar Jacaranda a hanyar Kachia da sashen koyar da wannan sana'a a jami'ar Zariya, waɗanda suka yaye magina da dama. Sabon abu ne a hannun tsohuwar sana'a.

Maganar lafiya ba ta son kwana-kwana. Abin tsoro a kayan ƙasa masu sheƙi shi ne dalma. Wasu suna sa ta a rufin don ya narke da ƙaramar wuta ya yi ƙyalli, kuma abinci mai tsami, irin su tsamiya da zoɓo da tumatir da nono, yana jawo ta ta shiga ciki. Mun ga abin da gubar dalma ta yi a Zamfara a 2010, inda yara sama da 400 suka rasu, ko da yake can ta hanyar haƙar zinariya ce. Yaro ƙarami ko kaɗan ba ta yi masa daɗi. Mu da muke gashi mai tsanani ba mu da buƙatarta. Nawa rufin da tokar itace nake haɗa shi, da tokar buntun shinkafa, da garin dutse, da farar ƙasa. Don haka ki tambayi maginin kai tsaye: me ka sa a rufin, kuma a wane zafi ka gasa? Wanda ya san aikinsa zai ji daɗin tambayar, har ya ja ki ya nuna miki bokitin haɗin rufin. Wanda ya fara kame-kame, ki bar masa kayansa. Ki yi hattara da ja da ruwan lemo da rawaya masu ɗaukar ido in ba ki san asalinsu ba. Tukwanen da ake shafa wa fenti a bakin titi kuwa na fulawa ne, ko ruwan sha kada a zuba. In kin kai gida, ki yanka lemon tsami ki kifa a cikin kwanon ya kwana. In da safe wurin ya dushe ko ya canja launi, rufin bai nuna ba, kada a ci a ciki. Wannan gwajin ba ya tabbatar da cewa babu dalma, shi ya sa tambayar magini ta fi shi muhimmanci.

To, mu zo kan 'ya'yanki, don a nan na fi son in daɗe.

Shekarun baya wani dattijo a Tudun Wada ya zo wurina. Su bakwai ne suke ciyayya a ƙofar gidansa bayan sallar isha'i, kowa a fito da tuwon gidansa a haɗa a ci, sun fi shekara talatin a haka. Yana so in gina musu kwano ɗaya babba. Na zauna na gina wani mai zurfi, mai siririn gindi da dogon wuya, na yi masa rufi kore mai duhu, ni kaina na yaba. Bayan mako biyu ya dawo da shi a nannaɗe cikin buhu. Ya ce, "Malam, kwanonka yana da kyau, amma bai san mu ba." Sai ya ce in zo in ci tuwo da su. Na je. Ina zaune a kan tabarma na ga abin da yake nufi. In mutum ya kai hannu zai yanki loma, kwanon sai ya karkata wajensa, miyar kuka ta gudu ta bar na ɗaya gefen. Zurfin ya sa kowa sai ya miƙa hannu har gwiwa, hannaye suna karo. Akwai wani tsoho a cikinsu mai rawar hannu, na lura loma uku ya yi ya tsame, ya ce ya ƙoshi. Bai ƙoshi ba, kunya ce. A daren na koyi abin da makaranta ba ta koya mini ba: kafin magini ya taɓa yumɓu, ya fara ƙirga hannayen da za su shiga, ya san na waye gajere, na waye yake rawa.

Na sake gini. Faɗi sosai, zurfi bai kai tsawon ɗan yatsa biyu a jere ba, gindi mai faɗi da nauyi yadda ko an danna gefe ba ya motsi. Bakin na yi shi da kauri, a dunƙule, ya ɗan lanƙwaso ciki don mutum ya share yauƙin miya a jikinsa. Ciki sumul, waje kuwa na bar shi da kaushin ƙasa, saboda hannun da ya taɓa kuɓewa ba ya riƙe abu mai santsi. Irin wannan za ki nema. Ga mutum biyar zuwa shida, faɗin santimita 40 ya isa. In za ki ba da a gina miki, ki faɗi girman da kike so bayan gashi, don yumɓu yana tsukewa da wajen kashi ɗaya cikin goma. Kaurin jikinsa kuma zai riƙe wa tuwo ɗumi fiye da tasa, sai a ci a natse.

Wannan siffar ba ni na ƙirƙiro ta ba, ladubban cin abincinmu ne suka zana ta. Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya koya wa yaro Umar ɗan Abu Salama ya ambaci sunan Allah, ya ci da dama, ya ci abin da ke gabansa. Ya kuma ce albarka tana sauka a tsakiyar abinci, a ci daga gefe. Kwano mai faɗi da kewayayyen baki yana ba kowa nasa gaban, tsakiya ta zama ta kowa. Bakin nan mai kauri kuwa, ki tuna yadda aka koya mana muna yara: ƙarami ya riƙe bakin kwano da hannun hagu, kada ya ɗaga ido yana ƙirga lomar wani, kada ya taɓa nama sai babba ya raba. Babba kuma ya tsame hannu da wuri ya bar wa ƙanensa sauran. Ba wanda ya zaunar da mu ya karanta mana wannan, a bakin kwano muka ɗauka. A nan uwa take gane wanda ke da zari, da wanda ake danne wa haƙƙi ba ya magana, da wanda yau ba ya jin daɗi don loma biyu ya yi ya tashi. Yaron da ya shige ɗaki da farantinsa ya rufe ƙofa, duk wannan labarin ya tafi da shi.

Kada dai in yi miki alƙawarin da ƙasa ba za ta iya cikawa ba. Kwano ba ya tara mutane, ke ce za ki tara su. Ki fara da dare ɗaya ko biyu a mako, ranar da kika san kowa yana gida, da abincin da suka fi so, wayoyi kuma a bar su a ɗaki har da taki. In al'adar gidanku maza daban mata daban ce, kwano biyu matsakaita sun fi ɗaya babba. A wanke hannu da sabulu kafin a zauna. Mai mura ko gudawa a zuba masa nasa har ya warke. Yaron da bai wuce shekara uku ba ki zaunar da shi cikinsu amma da ɗan kwanonsa, don hannunsa ba ya sauri, kuma kina buƙatar ganin abin da ya shiga cikinsa.

Wani abu kuma da kwanon hannu yake da shi, wanda na roba ba shi da shi, shi ne ana gane shi. A garin nan, kafin rikicin 2000 ya sa mutane su rabu, wasu su tsallaka kogi kudu wasu arewa, kwano yana yawo tsakanin gidaje: tuwon sallah ya shiga gidan maƙwabci Kirista, shinkafar Kirsimeti ta dawo a cikinsa, yaron da aka aika ya samu tukwici. Har yanzu akwai gidajen da ba su bari ba. Robar da ake jefarwa in ta tafi ta tafi ke nan. Kwanon da aka san na gidan wance ne kuwa dole a dawo da shi, ba a kuma dawo da shi haka nan, sai an saka wani abu, kuma mai dawo da shi sai ya zauna an gaisa. Wata mata daga Barnawa ta taɓa sa ni na gina mata guda biyu iri ɗaya, ɗaya nata, ɗaya na aminiyarta da ta koma Kawo, don kowace ta riƙa ganin na 'yar'uwarta a gidanta.

Kuɗin kuwa, ki taya, ciniki halal ne, amma kada ki yi tayin wulaƙanci. An haƙo yumɓu, an jiƙa, an tace, an cuɗa. An jira ya bushe a inuwa ana lulluɓe shi don kada iskar hunturu ta tsaga baki. An gasa sau biyu da itace ko gas, kuma faffaɗan kwano ɗaya yana cin wurin kofuna goma sha a tanderu. Ni in na sa manya goma, bakwai suka fito ba karkacewa ba tsaga, na gode wa Allah. Kafin ki biya ki ƙwanƙwasa shi yadda kakata take yi, ki kifa shi a kan tebur ki ga ko bakin ya zauna daidai, ki shafa cikin da tafin hannu ko akwai ƙuraje ko ƙananan ramuka inda abinci zai maƙale. Ɗan bambancin launi ko sawun yatsan magini a gindi ba aibi ba ne.

In hali bai kai ba a yanzu, ki je kasuwa ki sayi tukunyar miya ta gargajiya, kuɗinta kaɗan ne, ki zuba tuwon a babban tire. Sabuwar tukunya ki cika ta da ruwa ta kwana, ki shanya, ki dafa ƙasari ko kunu mai ruwa-ruwa a ciki da ƙaramar wuta don ya toshe ƙofofin, sannan ki shafe ta da man gyaɗa. Kada ki jiƙa ta cikin ruwan omo, za ta sha ta mayar miki a miya. Ruwan zafi da soso sun isa, a kife ta a rana. Mai sheƙin kuwa a wanke shi da sabulu kamar kowane tangaran, kada dai a fito da shi daga firji a zuba masa tuwo mai zafi nan take.

Da yara biyar a gida, wata rana za ki ji ƙarar faɗuwarsa. Kada ki daki wanda ya saki, in ba haka ba gobe ba mai yarda ya ɗauko shi. Mai sheƙin in ya tsage ya gama aikin abinci, ko an liƙe shi da gam, sai dai a dasa masa fulawa. Tukunyar gargajiya kuwa ki tara tsingaronta ki ba masu gini, muna dakawa a turmi mu tankaɗe mu zuba cikin sabon yumɓu, shi ne yake hana sabuwar tukunya fashewa a wuta.